Daga Gurbin Dara Zuwa Tafin Hannu: Abin da Wasan Dabara Ya ke Rasawa In Ya Shiga Waya

  Na san wasu za su yi mamaki, su ce me ya kawo zancen wasa zauren jami'a. To, ina roƙo a yi mini uzuri har in kai ƙarshe, domin abin da mutane su ke yi a lokacin hutunsu ya kan nuna halinsu fiye da abin da su ke faɗi a bainar jama'a.

Bari in fara daga gida. Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura, ko a cikin birni ko a Zango, Sandamu, Mai'aduwa ko Ɓaure, ya san dara. Da rani, bayan an kai amfanin gona rumbu, sai ka ga dattawa a gindin bishiya sun haƙa gurabu talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gida shida. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya goma sha biyu, wannan ya riƙe tsinke, wancan tsakuwa. Da farko a dasa su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan a shiga tafiya gida gida, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokinsa guda. Abin lura a nan shi ne, da attajiri da matalauci 'ya'ya goma sha biyu-biyu su ke farawa da su. Ba a sayen na goma sha uku. In an ci mutum, ya san kansa ne ya ci shi, har ma Hausawa suka sami karin magana daga nan, su kan ce dara ta ci gida.

Turawa ma suna da irin wannan sha'awa, sai dai su sun zuba tasu a cikin kwamfuta. A shekarar 1995 aka fito da wasan Command & Conquer, a 1997 kuma aka fito da Age of Empires da Dungeon Keeper. A irin waɗannan wasanni mutum ya kan kafa gari, ya tara abinci da itace da zinariya, ya haɗa runduna, sa'an nan ya kara da abokin gaba. Sau ɗaya a ke biyan kuɗin wasan, daga nan kuwa sai hankali da saurin hannu. Watau dai, a wannan fanni, dara ce ta sake riga. Ba mu kuma rasa rabo a ciki ba, gama a shekarar 2021 an ƙara Hausawa cikin al'ummomin Age of Empires III, aka sa Kano ta zama birninsu, Sarauniya Amina ta Zazzau shugabarsu, har da barade masu lifidi.

To, ina aka sami matsala? Da wayar hannu ta game duniya, sai kamfanoni suka ga kasuwa ta koma can, suka ɗauki sunayen tsofaffin wasannin nan suka liƙa wa sababbi. A 2014 kamfanin Electronic Arts ya fito da Dungeon Keeper na waya, ya ce kyauta ne. Amma in ɗan wasa ya sa a haƙa wani wurin, sai a ce masa ya jira, wani lokaci har kwana guda, in kuwa ba ya son jira ya biya kuɗi. Magoya baya suka fusata, shi kansa Peter Molyneux da ya jagoranci ƙirƙiro wasan na asali ya soki abin, har hukumar kula da tallace-tallace ta Ingila ta yanke hukunci a wannan shekara cewa tallar wasan ta yaudari jama'a. A 2018 da aka sanar da Command & Conquer: Rivals aka sake yin irin wannan ƙorafi, haka kuma a 2024 da Age of Empires Mobile ya fito, masoyan na asali da yawa suka ce suna kaɗai suka gane.

Ku kwatanta da dararmu. A ce kana tsakiyar wasa, ka hango inda za ka jera uku, sai wani ya dafe maka hannu ya ce sai gobe war haka, ko kuwa ka ba shi naira ɗari. Can kuma ka waiwaya ka ga abokin wasanka ya saya wa kansa ƙarin 'ya'ya biyar. Wane dattijo ne a Daura zai sake zama a wannan gurbi? Ashe ke nan ɓacin ran mutanen nan ba ƙyamar sabon abu ba ne kawai. An taɓa ginshiƙin wasan ne, watau daidaito tsakanin masu karawa, aka mai da haƙuri da dabara abin sayarwa.

Amma fa adalci ya wajaba mu faɗi ɗaya gefen. Tun da layukan wayar hannu suka shigo Nijeriya a 2001, yaran da suka mallaki kwamfuta a ƙasar nan kaɗan ne in aka gwada da masu riƙe waya, ga kuma halin wutar lantarki da kowa ya sani. Saurayin da ke Kongolam ko Rijiyar Tsamiya, in ba ta waya ba, da wuya ya taɓa ganin irin waɗannan wasanni. Kuma ita wayar ba ita ce mai laifi ba. A 2017 an ɗauki Civilization VI dungum aka sa shi a iPad ba tare da an sauya masa ƙa'ida ba, aka kuwa yaba. Laifin yana wajen hanyar neman kuɗin.

Saboda haka ina da kira ga ɗalibanmu masu koyon ilmin kwamfuta. In kuna so ku sa dara a waya, madalla, ku sa ta, domin ɗan Daura da ke ci-rani a Ikko ya buga da wansa da ke gida. Sai dai ku fara zuwa gindin bishiya ku zauna da masu ita, ku rubuta ƙa'idojinta da kalmominta yadda su ke faɗinsu, gama sun bambanta daga gari zuwa gari, kuma masu riƙe da su suna ta raguwa. In za ku nemi ladan aikinku, ku yanka farashi sau ɗaya a fili kowa ya gani. Kada ku sayar wa kowa ɗa na goma sha uku.