Koren Da Ke Cikin Tsofaffin Hotuna



Kwamiti yana so a ƙawata kalandarmu da tsofaffin hotunan karkarar Kano, irin katunan da Turawan mulki ke aikawa gida: rimi, jakuna, ganuwa daga nesa, ko'ina kore shar. Wanda ya sha cunkoson Titin Zariya a Gyaɗi-Gyaɗi, ya tuna nan da Tarauni gonaki ne a da, dole ya yi ajiyar zuciya.

To amma fa kyamarar lokacin baƙi da fari take ɗauka. Launin da hannu ake shafa shi daga baya, galibi a Turai, a hannun wanda bai taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba. Shi ya sa kullum damina ce a cikinsu. Babu yunwar Kakalaba ta 1914, babu mai karɓar jangali, balle ƙaiƙayi a wuyan manomi.

Ban ce kada a buga ba, ni ma suna burge ni. Roƙona dai a rubuta a ƙarƙashin kowanne cewa fenti ne, domin jikokinmu za su gani. Mai hoton gonar kakansa kuma ya kawo wa sakatare.