Makomar Kasuwar Bandcamp: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai

 

An ce in yi ɗan bayani game da Bandcamp, wata kasuwar waƙoƙi ta intanet da aka buɗe a Amurka a 2008. A can mawaƙi ke kasa hajarsa, ya yanka kuɗi da kansa, kasuwar ta ɗauki la'adar kashi 15 cikin 100, mafi yawan sauran ya shiga aljihunsa. A 2020, lokacin annobar korona, har yafe la'adar ta riƙa yi a wasu ranakun Juma'a.

To, a Maris 2022 kamfanin Epic Games ya saye ta. Ba a cika shekara biyu ba, a 2023, ya sayar wa Songtradr, kimanin rabin ma'aikatanta kuma suka rasa aikinsu. Sabon mai kasuwa yana iya ƙara la'ada ko ya canja ƙa'ida duk ran da ya ga dama, ba tare da shawarar mawaƙi ba.

Me ya shafe mu? Kamfanin Sahel Sounds yana sayar da waƙoƙin maƙwabtanmu na Nijar a can, irin su Mdou Moctar. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shawarata ga 'ya'yanmu masu waƙa: su adana asalin aikinsu a hannunsu, su riƙe adireshin masu sayensa, kada kuma su dogara ga kasuwa guda.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya. Wassalam.