Neman Haihuwa Bayan Shekara 40

Jawabin da editan wannan jarida ya yi wa ɗaliban ajin yaƙi da jahilci.

Yau zancenmu a kan matar da ta kai shekara 40 tana neman haihuwa ne. Kowa ya san irin gorin da take sha a gidan miji. Haihuwa ta Allah ce, amma neman magani ba laifi ba ne.

Ku sani, ana haifar 'ya mace da dukan ƙwayayen haihuwarta. Ba ta yin sababbi. Kullum raguwa suke yi. Bayan shekara 35 sai raguwar ta ƙara sauri. A shekara 40, waɗanda suka rage ba su da yawa, kuma ƙarfinsu ya ragu. Shi ya sa ciki ke wuyar shiga, in ya shiga kuma ɓari ya fi yawa.

Likitoci suna da dabarar da ake kira dashen ƙwai. Sukan ɗauki ƙwan mace da maniyyin mijinta, su haɗa a asibiti, sannan su mayar cikin mahaifarta. An fara haihuwa ta wannan hanya a Ingila a 1978. A Abuja ma an samu haihuwa ta haka a 1998. Yawancin malamanmu sun halatta shi, in dai tsakanin mata da mijinta ne.

To, nawa ke dacewa? Ga lissafin Ingila na 2019, a dashe guda. Cikin mata 100 da ba su kai shekara 35 ba, 32 suka haihu. Masu shekara 40 zuwa 42, 11 ne. Masu 43 zuwa 44, 5 ne kawai. Kun ga ke nan, ƙofa ba ta rufe ba, amma kowace shekara ƙara tsukewa take yi.

Saboda haka ga shawara uku.

Ta farko, kada a ɓata lokaci wajen boka da 'yan tallan magani. Wadda ta kai 40 ta je asibiti tun yanzu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Ta biyu, maigida, ka bi ta a auna ku tare. Sau da yawa matsalar daga namiji take. Wani lokaci kuma ciwon sanyi ne ya toshe hanyar ƙwai.

Ta uku, dashen ƙwai yana da tsada ƙwarai, kuma akan yi a sake. Kafin ku sayar da gona ko shanu, ku tambayi likita: cikin mata 100 masu shekarunta, nawa ke haihuwa? Duk wanda ya ce muku tabbas za a samu, ku guje shi.

Wadda ba ta samu ba kuma, kada a kira ta juya. 'Yar'uwarmu ce, a riƙe ta da mutunci.

Allah Ya ba masu nema, Ya raya mana waɗanda Ya ba mu. Wassalam.