Kifin Da Ya Ƙi Abinci



A Bahar Maliya akwai wani ɗan kifi mai ado, Turawa suka sa masa sunan malam-buɗe-littafi. Masu kiwonsa sukan ajiye shi cikin akwatin gilashi, su auna gishiri, wajen giram 35 a litar ruwa. Amma waɗansu irinsa ba sa cin kome sai murjani mai rai. A zuba musu wani abinci, su ƙi. Suna iyo, baƙi suna sha'awarsu, yunwa kuwa tana cinsu har su mutu.

Ɗan'uwa, kana zuwa sujada kowace Lahadi, ana yabonka. Yaushe rabonka da buɗe Littafi Mai Tsarki kai kaɗai? Karanta Yahaya sura 6 kafin ka kwanta yau.

Bari mu yi addu'a.