Kurma a Gaban Masanin Halayyar Ɗan Adam



Kurma ya kawo damuwarsa wurin masanin halayyar ɗan Adam, masanin kuwa bai iya maganar hannu ba. Sai a nemo tafinta, galibi ɗan'uwansa. Asirin mutum biyu ya faɗa hannun na uku ke nan. Wa zai faɗi laifin gidansu a gaban wansa?

Dokar naƙasassu da aka sa wa hannu a 2019 ta keɓe musu aƙalla kashi 5 cikin ɗari na ayyukan gwamnati. Amma fa ba a ɗaukar masani sai da digiri. Saboda haka wajibi ne jami'o'inmu su jawo yaran makarantar kurame ta Kawo cikin wannan fanni, su ajiye musu tafinta a ɗakin lacca.