Sa Hannun Al'umma a Tafiyar da Makarantun Sakandare na Gwamnati: Nazari kan Madawa, Buza da Keita

Dokar ilimi ta Nijar mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda ake kira LOSEN, ta sanya iyaye da ƙananan hukumomi cikin masu ɗaukar nauyin makaranta tare da gwamnati, amma sai bayan kafa kwamitocin COGES ne wannan tanadi ya samu jiki. COGES kwamiti ne da ke haɗa shugaban makaranta da wakilan malamai da na iyaye maza da mata domin kula da kuɗi da kayan aiki da halartar ɗalibai. Jihar Tawa tana da matsayi na musamman a tarihinsa, domin a cikinta ne hukumar JICA ta Japan ta fara shirin Makaranta Don Kowa a 2004, inda aka gwada zaɓen shugabanni ta ƙuri'ar sirri, da tsara ayyukan shekara a babban taron gari, kafin salon ya bazu zuwa sauran jihohi.

Abin da wannan takarda ke jan hankali a kai shi ne, an ɗinka tsarin ne daidai jikin makarantar firamare ta ƙauye, inda al'umma take nufin mutanen da ke sallah a masallaci guda kuma suke da maigari guda. Kwalejin sakandare, wato CEG mai azuzuwa huɗu da ke kai ɗalibi ga jarrabawar BEPC, ba ta gari ɗaya ba ce. Kwalejin da ke gari irin Tamaske a Keita, ko Karofane a Buza, ko Bangi a Madawa, duk a jihar Tawa, tana karɓar yara daga ƙauyuka da dama, wasu na tafiyar ƙafa mai nisa kullum, wasu kuma an damƙa su ga masu masauki, wato dangi ko abokan arziki da ke ba su wurin kwana a cikin gari. Sakamakon haka, wanda ya fi samun zuwa taron iyaye shi ne mazaunin garin, ɗan kasuwa ko ma'aikaci, alhali uban yaron da ya fi fuskantar barin karatu yana can ƙauye, kuma labarin taron ba ya isa gare shi sai a bakin mai karɓar kuɗin gudummawa.

Ci-rani ya ƙara dagula lamarin. Shekarar karatu tana farawa a Oktoba, daidai lokacin da ake gama girbi, kuma magidanta da yawa na waɗannan yankuna suke kama hanyar Najeriya ko Abijan ko Libiya, ba su dawowa sai gab da damina, lokacin da makaranta ke shirin rufewa. Waɗanda ke nan daram su ne mata, kuma ba baƙi ba ne ga aikin gayya: su ne suka yi kaso mafi girma na aikin jera duwatsu da dashen itatuwa a shirin raya ƙasar Keita da aka fara a 1984 da tallafin Italiya. Duk da haka, sau da yawa kujerar ƙungiyar iyaye mata a kwamiti ta cika ƙa'ida ce kawai.

Akwai kuma batun abin da ake neman al'umma ta yi. Galibi gudummawarta ta tsaya ga kafa azuzuwan zana kowace shekara, aikin da gobarar makarantar Maraɗi ta Nuwamba 2021, wadda ta ci rayukan yara fiye da 20, ta nuna haɗarinsa. Tura malamai da sauya musu wurin aiki yana hannun hukuma, don haka kwamitin da ya ga aji ya yi makonni babu malamin lissafi ba shi da abin yi sai kai kuka. Irin wannan sa hannu ya fi kama da haraji.

Saboda haka ya kamata hukumomin ilimi na jihar Tawa da shugabannin ƙananan hukumomi su ware wa kowane ƙauye mai tura yara kujera a kwamitin kwaleji, su amince da masu masauki a matsayin wakilai masu ƙuri'a, su kuma sanya babban taron shekara a ranar kasuwa kafin masu ci-rani su tashi, a karanta lissafin kuɗi da Hausa, ko da Tamashek inda ake jin ta, a gaban kowa.