Wane Lauya Ne Zai Tsaya wa Ma'aikaci Bahaushe a Khartum da Umdurman?

  Maganata yau a kan lauya ce, wanda mutanen Sudan suke kira muhami, da irin wanda ya kamata ma'aikaci Bahaushe ya nema idan an danne masa haƙƙi a wurin aiki. Hujja ɗaya nake son kafawa. A ƙasar nan shari'ar albashin Bahaushe da shari'ar zamansa ɗan ƙasa, wato jinsiyya, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, saboda haka lauyan da ya ƙware a dokar ƙwadago amma bai taɓa shiga rigimar jinsiyya ba, ko ya san jinsiyya amma bai san ofishin ƙwadago ba, rabin aiki zai yi mana.

Dalilin haka yana cikin yadda muka zo. Hanyar aikin hajji ta daɗe tana sauke Hausawa a bakin Nilu, amma babban ayari ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a zuwa gabas har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun kakanninmu na cikin waɗanda suka yi shuka suka yi tsinka. Sai ga dokar 1948 da ta fayyace wane ne Basudane ta ce sai wanda kakanninsa suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897, dokar jinsiyya ta 1957 kuma ta riƙe wannan rana. Ku yi lissafi da kanku: mutanen Burmi sun makara da 'yan shekaru kacal. An so guminsu a gona, an hana su takarda a ofis. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, wanda a rubuce ya shigar da kusan kowa cikinmu, sai dai abin da aka gyara a takarda bai gyaru a bakin tagar ma'aikacin rajista ba. Kun tuna yadda Hausawa suka fito zanga-zanga a Gadarif da Kasala a 2008 kan maganar da wata jarida ta jingina wa shugaban ƙasa na lokacin, Umar al-Bashir, cewa mu ba 'yan ƙasa ba ne, maganar da daga baya aka musanta. Kun tuna jinin da aka zubar a jihar Shuɗin Nilu a Yuli da Oktoban 2022, wanda tushensa tambayar ko Bahaushe yana da ikon sarauta da ƙasa a wurin da aka haifi ubansa. Wannan tambayar ce take bin ɗanmu har cikin masana'antar Bahri da rumbunan Kasuwar Libiya ta Umdurman.

To, me doka ta ba ma'aikaci? Dokar ƙwadago ta 1997 ba ta da rowa a fuska. Ta ƙayyade aiki awa 48 a mako. Ta ce yarjejeniyar aikin da ta wuce wata 3 a rubuta ta, in kuwa ba a rubuta ba ma'aikaci yana da damar tabbatar da haƙƙinsa da kowace irin shaida. Ta ce mai aiki ba zai kori mutum kan zargin laifi da ikon kansa ba sai ya kai maganar ofishin ƙwadago, in ofishin bai yarda ba a mayar da shi bakin aiki ko a biya shi diyyar albashin wata 6. Wanda ya cika shekara 3 a jere yana da kuɗin sallama, albashin wata guda a kan kowace shekara, adadin yana ƙaruwa bayan shekara 10, iyakarsa albashin wata 36. Amma tun a farkonta dokar ta zare wasu mutane daga inuwarta, cikinsu akwai masu aikin gida, waɗanda aka bar wa wata tsohuwar doka ta 1955, da mafi yawan ma'aikatan gona, da masu aikin wucin gadi. Ku dubi wannan jerin, sa'an nan ku dubi sana'o'in da talakanmu suka fi yawa a ciki. Wanke-wanke da shara a gidajen unguwannin Riyad da Amarat, noma a bakin kogi, dako, buga tubali a Jiref. Ƙofar da doka ta bari a buɗe ta yi daidai da inda muke tsaye.

A nan ne gogewar lauya take aiki, kuma bari in nuna muku shi kusa. Ku ɗauki mai gadin wani rumbun kaya a Umdurman, shekara 12 yana kwana a kan gadon igiya bakin ƙofa da tocila da butar shayi, ana ba shi kuɗinsa a hannu ƙarshen wata ba tare da rasit ba. Ran da aka sallame shi mai rumbun zai ce ai ɗan wucin gadi ne, ko ya ce yaron gidansa ne yake taya shi. Kalma ɗaya ce, amma in ta zauna albashin wata 12 da ɗoriya ya tafi. Sabon lauya zai tambayi takardar ɗaukar aiki, a ce babu, ya karaya. Wanda ya goge ba zai tsaya nan ba. Zai nemi littafin da ake rubuta shigar kaya da fitarsu ya ga hannun wa ke ciki, zai nemi direbobin da suka saba tarar da shi da asuba, da mai shayin da take bin sa bashi tana jiran ranar albashi, da saƙon Bankak in an taɓa tura masa kuɗi ta waya ko sau ɗaya. Ya san shari'ar tana cin nasara ko faɗuwa a kan sunan da aka kira aikin, kafin a zo maganar nawa ne. Ya kuma san abin da zai biyo baya, domin idan mai rumbun ya ga hujja ta yi masa nauyi, makaminsa na ƙarshe shi ne ya ce mutumin nan baƙo ne, ba shi da izinin aiki. Daga wannan lokaci shari'ar albashi ta koma shari'ar asali, kuma lauyan da bai shirya mata ba zai tsaya yana kallo.

Tun da aka shigo da lambar ɗan ƙasa a 2011, raƙam waɗani, abin ya ƙara tsanani, domin ba ka buɗe asusun banki ko ka shiga inshorar ma'aikata ko ka nemi jami'a sai da ita. Wata shari'a da ba ta Bahaushe ba ta nuna mana abin da lauyan ƙwarai zai iya. Bayan ɓallewar Kudu a 2011 an gyara dokar jinsiyya yadda duk wanda aka ɗauka ɗan Kudu ne ya rasa ta Sudan. Wata yarinya da uwarta Basudaniya ce, ubanta kuma asalinsa Kudu, ta nemi lamba don shiga jami'a aka hana ta, alhali tsarin mulkin 2005 ya ce ɗan Basudane ko Basudaniya ɗan ƙasa ne. Lauyoyin wata cibiyar taimakon shari'a ta Khartum da abokan aikinsu suka ɗauki maganar har gaban kwamitin Tarayyar Afirka mai kula da haƙƙin yara, a 2018 kwamitin ya yanke cewa Sudan ta take haƙƙinta. Waɗannan lauyoyi sun san cewa idan ƙofar gida ta rufe akwai ta waje, sun san yarjejeniyoyin da Sudan ta sa wa hannu, kamar ta haƙƙin farar hula da siyasa da ta shiga a 1986. Irin wannan sani ba a samunsa a shekarar farko bayan fitowa daga Jami'ar Khartum ko Nilain, komai kaifin ƙwaƙwalwar yaro.

Na san akwai mai cewa a ransa: mu da muke da ajawid, dattawan sulhu, me ya kai mu kotu? Ban raina judiyya, sulhun da dattawan suke yi, ba. Dattawa sun kashe wutar da alƙali bai iya kashewa ba, kuma sulhu alheri ne. Amma ku lura da inda sulhu yake yin adalci: tsakanin mutum biyu da gobe za su haɗu a masallaci ɗaya, kowa yana jin kunyar dattijon da ya zauna tsakani. Mai masana'anta ba ya jin kunyar sarkin unguwarmu. Idan aka zauna da shi ba tare da an san abin da doka ta ba ma'aikaci ba, zai miƙa albashin wata 2 a ce a yi haƙuri, a shafa fatiha, mutum ya sa hannu a takardar da ta yafe sauran. Shawarata a nan ita ce a ga lauya kafin zaman, ya rubuta adadin a takarda, dattawa su shiga da ita a aljihu. In za a yafe, a yafe abin da aka san yawansa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan yi masa kwaskwarima ba. Ana cewa wace kotu? Gwamnatin da ta zo a 1989 ta rushe ƙungiyoyin ƙwadago da ƙungiyar lauyoyi, ta kori dubban ma'aikata har da alƙalai da sunan salihul am, wato maslahar jama'a. Kotun tsarin mulki ta zauna shekaru babu alƙalai tun farkon 2020. Duk gaskiya ne. Amma tarihin ƙasar nan ya nuna haƙƙin da aka rubuta aka ajiye yana iya tashi bayan shekaru. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Atbara sun yi yajin aiki a 1947 ƙarƙashin Turawa, abin da ya jawo dokokin ƙwadago na farko a shekarar da ta biyo. Bayan juyin 2019 an buɗe ƙofar mayar da waɗanda aka kora ba bisa ƙa'ida ba, kuma mai takardar kora a hannu ya fi sauƙin shiga. Masu sayar da shayi da Awadiya Mahmud Koko ta haɗa cikin ƙungiya sun sha kwashe musu kujeru da butoci, suka yi ta kai ƙara da taimakon lauyoyi har aka soke dokar nizamul am, wato ta tsarin zaman jama'a, a Nuwamban 2019. Bayan juyin mulkin Oktoban 2021 lauyoyin gaggawa sun bi ofisoshin 'yan sanda ɗaya bayan ɗaya suna neman waɗanda aka tsare. Lauya Amin Makki Madani, Allah ya ji ƙansa, an ɗaure shi a Disamban 2014 yana dattijo bai bar aikin ba. Inda kotu take da rauni, nan ne aka fi bukatar wanda ya san wane mataki ne har yanzu yake aiki.

Maganar kuɗi kuwa gajeriya ce. Doka ta yafe wa ma'aikaci kuɗin shigar da ƙara a shari'ar ƙwadago, Ma'aikatar Shari'a tana da sashen taimakon marasa hali, kuma mu da muke haɗa asusun biki da na jana'iza ba za mu kasa haɗa na lauya ba. Unguwa guda ta riƙe lauya ɗaya da ya san mu ya fi kowa ya je shi kaɗai wurin wanda ya fara gani a bakin kotu.

Yadda za a gane shi ba wuya. A tambaye shi shari'ar kora nawa ya kai ofishin ƙwadago, da yadda ta ƙare. A tambaye shi ko ya taɓa tsaya wa wanda aka hana lamba. A duba rajistarsa ta aikin lauya, a rubuta ladansa tun farko. Wanda ya yi maka alkawarin nasara kafin ya ga shaida, ka tashi. Wanda kuma ya ji kana Hausa ya fara tambayarka yaushe ka zo, alhali ka faɗa masa a unguwar Mayo aka yanke cibiyarka, ba zai iya kare ka daga tambayar da shi ma yake yi ba.

Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya sa duk wannan ya zama na gaggawa. Masana'antun Bahri sun ƙone, an wawushe ofisoshi da kotuna, mutane sun fita da kayan jikinsu sun bar takardun haihuwa da na aiki a cikin akwati. Yanzu da jama'a suke dawowa bayan sojoji sun karɓe Khartum a Maris 2025, za a buɗe wuraren aiki, kuma da yawa za a ce musu an fara sabon lissafi, shekarun baya sun tafi da yaƙi. A shingayen bincike kuma ana tsare mutum saboda fuskarsa ko harshensa a tambaye shi takarda. Don haka aikin farko da nake roƙon kowace unguwa ta sa lauyanta shi ne ya zauna da ma'aikata ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta inda kowa ya yi aiki, daga wace shekara, nawa ne albashinsa na ƙarshe, su wa suka san shi a wurin kuma ina suke yanzu, a ɗauki hoton duk guntuwar takardar da ta tsira, a ajiye kwafi a wuri biyu. Shaidun nan sun watse zuwa Atbara da Gadarif da Bur Sudan da Masar, wasunsu tsofaffi ne, a same su tun suna da rai.